Taƙaitawa: Batun Buga Kwandalar Tunawa da Shehu Shagari

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da muka yi a Birnin Kebbi kan shawarar buga kwandala domin tunawa da marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya kuma rasu a Disambar 2018.

1. An haɗu a kan cewa Babban Bankin Nijeriya ne kaɗai ke da ikon fitar da kuɗin da za a kashe, saboda haka abin da jama'a za su iya yi shi ne kai koke ta hannun wakilansu.

2. Masu goyon baya sun kawo misalin kwandalar naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya, da kwandalar rabin dala da Amurka ta buga wa marigayi shugabanta John F. Kennedy a 1964. Wasu kuwa suka ce kwandala ta mutu a kasuwanninmu, domin ko mai ƙosai a Jega ba za ta karɓe ta ba, alhali hoton Sardauna da ke jikin naira 200 kullum yana hannun talaka. Ni ma hujjar nan ta fi kama hankalina.

3. Inda aka fi rabuwa shi ne batun hoto. Wasu dattawa sun ƙi a zana fuskar mutum, suna ganin sunansa da shekarunsa sun wadatar, kuma a rubuta su da boko da ajami, musamman ganin an cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007.

4. Kaɗan sun nemi a ajiye samfurin kwandalar a gidan tarihin Kanta da ke Argungu domin ɗalibai.