Tsarabar Milan: Musayar Baitoci a Kan Kagarar Siforza

Ɗan Kurmi

Assalamu alaikum 'yan zaure. Asabar ɗin nan ba aiki, sai na hau jirgin ƙasa na shiga Milan, na wuni a Kastello Siforzesko, tsohuwar kagarar sarakunan garin wadda yanzu ta zama gidan adana zane da sassaƙa. Faranchesko Siforza ne ya sake tayar da ita daga 1450, a kan kufan wadda gidan Biskonti suka gina. Na ɗora muku hoton ƙofar, ga kuma tsaraba. Amsa-amona "ya" ne, mai ƙarfi ya biyo ni.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Ya ba ni basira in tsara tafiya.

Na sauka a tashar Kairoli, na hau matakala,
Sai ga jan gini ya tare mini hanya.

Bulo ne ja wur, babu fenti a kansa,
Na ɗaga kai sai hula ta zame baya.

Hasumiya ce bisa ƙofar shigarsa,
Tana ƙirga wa birni sa'a ɗaya-ɗaya.

Gwalalo na nan, amma ba ruwa yau,
Ciyawa ta rufe shi, maguna na kwanciya.

Filin da dakaru suka yi fareti,
Yau yara ke tsere, uwa tana dariya.

Tsakar gida kyauta ce, kowa ya ratsa,
Ɗakuna ne sai ka ciro kuɗi ka biya.

A bango na hango maciji a murɗe,
Ya haɗiyi mutum har zuwa tsakiya.

Na ce tambarin nan na san shi tabbas,
A goshin Alfa Romeo, motar Italiya.

Ashe na Biskonti ne, masu gidan farko,
Sarauta ta tafi, maciji ya hau taya.

Na-Damagaram

Wa alaikumus salam. Ni ba na bin sawun Bakano ko a waƙa. Nawa "ri" ne.

Marhabin Ɗan Kurmi da dogon zango,
Mun amsa sallama, mun karɓi labari.

Abin mamaki guda na tsinta,
Bakano ya ciro kuɗi ba don ya yi sari!

In kagara ce, taho Birnin Zindar,
Ka ga fadar da ta cancanci kirari.

Sarki Tanimun ya ƙera igwa a gida nan,
Maƙwabta suka riƙa kwana cikin shiri.

To bar batun bango, ɗana, gaya min,
Me ke ɗakunan? Fito da shi sarari.

Na ji an ce gumaka ne a jere,
Wasu ba riga, wasu ba ko ɗan fatari.

In haka ne, da kuɗin tikitin nan
Ka aika wa gida an sayi buhun gishiri.

Ɗan Kurmi

Allah gafarta Malam, za mu zo wurin. Bari in fara da ɗakin da ba za ka yi faɗa ba. Sarki Ludobiko Siforza, wanda ake wa laƙabi da Moro, shi ya sa Liyonardo da Binci zanen wani babban ɗaki a 1498. Shekara na zagayowa, a 1499, Faransawa suka ci garin.

Allah gafarta Malam, a yi mini uzuri,
Ɗakin da zan fara ba gunki ko ɗaya.

Liyonardo ya mai da soro kurmi,
Kututture a bango, rassa sun rufe samaniya.

Ganye kan ganye, shuɗi na leƙowa,
Ka rantse kana zaune ne gindin ɗinya.

Igiyar zinare ta ratsa rassan,
Ta ƙulla, ta warware, ta sake murɗiya.

Na bi ta da ido in gano bakinta,
Wuya ya ƙage, ban ga ƙarshen igiya.

Ganyen bishiyar shi ne cimar tsutsa
Mai yin siliki, irin tamu ta tsamiya.

Sunanta da laƙabin Moro sun yi kama,
Mai zane ya yi wa sarki kirari da bishiya.

Ƙasan bango kuwa gawayi ne zalla,
Saiwa ta fasa dutse da ƙarfin tsiya.

Bai kai ga launi ba yaƙi ya iso,
Sarki ya tsere, mai zane ya kama hanya.

Baƙin soja suka mai da gidan bariki,
Aka shafe zanen, ɗaki ya zam bargar goɗiya.

Sifaniyawa sun zauna, Ostiriyawa sun zauna, sojan Napoliyon ma sun yi nasu zamanin. Sai a 1893 aka kankare farar ƙasar, aka tarar da ganyen na nan a ƙarƙashi.

Magajin Gwani

Daga Zariya nake gaisuwa. Malam, a gafarce ni in shiga tsakani, an taɓo sana'ar gidanmu.

Ɗan Kurmi, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Ni tubali na sani, da makuba, da azara.

Igiyar da ka bi ba ka ga bakinta,
Sunansa dagi a nan, a soro ake tsara.

Ban ce Bature ya kwafa a gunmu ba,
Ƙulli ko'ina shi ke gwada basira.

Rassan da suka haɗu a tsakar rufi,
Daurin guga ne namu, ƙasa da dabara.

Babban Gwani ya ɗaga shi a garinmu,
Masallacin Juma'a, je ka ga ishara.

Sai dai bulonsu ya sha wuta tun farko,
Yakan yi kawaici in an jinkirta gyara.

Namu kuwa damina uku ba yaɓe,
Zanko ya zube, sai a kwashe a shara.

Hasumiyar hotonka, idona ya ce min
Ta fi sauran ƙuruciya, bincika ka ƙara.

Ɗan Kurmi

Kai, Bazazzagi, wannan ido naka! Gaskiya ne. Ta asali ta tarwatse a 1521, albarushin da aka tara a cikinta ne ya tashi. Wadda ke hoton wani masanin gini ne, Luka Beltarami, ya sake gina ta bisa tsofaffin zane-zane, aka buɗe ta a 1905. Shi ne ma ya tsaya kai da fata lokacin da wasu suka so a rushe wani sashe na kagarar a yanka filaye. Ka ga cutar ba mu kaɗai ta kama ba.

Yanzu ga abin da Malam ke jira. Aikin ƙarshe ne na Mikelanjelo, gwanin sassaƙa na Italiya, wanda ya mutu a Fabrairun 1564. Birnin Milan ya saye shi a 1952, tun 2015 kuma aka ware masa ɗaki shi kaɗai.

Malam, na iso inda ka tsare ni,
Sassaƙa ce, ba zan yi ma ƙarya.

Farin dutse guda a tsakar ɗaki,
Da can nan sojan Sifaniya ke jinya.

Da ka shiga, bayanta kake fara gani,
Ta rankwafa tamkar mai goyon kaya.

Ka zagayo, uwa ce riƙe da ɗanta,
Gwiwa ta saki, ya riga ya bar duniya.

Maryamu da Yesu Kirista suke nufi,
Ni na san aƙidata, ban je don jayayya.

Ƙafafun sumul, an goge su tsaf,
Fuskokin ko sawun guduma, ba kwalliya.

Ga wani hannu a gefe, ba jiki gare shi,
Ragowar shirin farko da ya sauya niyya.

Tsoho ɗan shekara 88 yana ta sara,
Har makon ƙarshe bai aje ba don gajiya.

Ka duba da kyau ka rasa wa ke riƙe wa,
Ita ta tallafe shi, ko shi ya goya ta a baya?

Na-Damagaram

Ɗana, na ji, kuma ka yi adalci,
Ka faɗi abin da ka gani ba ƙari.

Amma ni dai sassaƙa surar mai rai,
Ban koyi halaccinta ba gun malaman gari.

Balle a ce Annabi aka siffanta,
Nan alƙalamina ya tsaya, a yi haƙuri.

Bishiyar Liyonardo na karɓa hannu biyu,
Dutsen tsoho kuwa na bar wa masu wuri.

Goggo Ta-Katsina

Malam, ba gardama na zo yi ba, fatawa taku ce. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa sa baki ba. Baitin ƙarshe na yaron nan ne ya hana ni barci jiya.

Ban san Milan ba, ban san dutse ba,
Amma tsayuwar nan na san ta a jikina.

Shekara tara ke nan, zazzaɓin dare,
Na ɗaga saurayi, autana, ɗana.

Ya fi ni tsawo, ƙafarsa na jan ƙasa,
Daga ɗaki har zaure a kan ƙirjina.

Ana neman mota, ni ina riƙe da shi,
Nauyinsa yana ta ƙaruwa a hannuna.

Wallahi ban san wa ke riƙe wa ba,
Da an janye shi, da na zube a gurbina.

Tsohon da bai gama fuskar ba, na gane shi,
Ni ma har yau ban iya ƙarasa magana.

Na-Damagaram

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, ra'ayina na nan inda yake, amma yau na ja bakina.

Allah ya jiƙan yaro, ya sa ya huta,
Ya haɗa ku a Aljanna, gidan alheri.

Malama 'Yar Dala

Amin ya Allah. Goggo, Allah ya ƙara dangana. Na bari kwana biyu sun wuce kafin in taso da tawa, don ba ta dace da ranar ba. Ɗan Kurmi, kunnenka nake so. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Ƙanena Ɗan Kurmi, matso kusa ka ji,
Shekarar da ka ambata ta ba ni alama.

A 1499 Moro ya bar kagararsa,
A ita ce Rumfa na Kano ya yi sallama.

Sa'ad da ake wa Moro zanen rassa,
Kurmi taka tana ci, fatake sun yi zama.

Shehu Magili ya zo, ya rubuta wa sarki
Yadda ake riƙon talaka da hukuma.

Gidan da Rumfa ya zauna kafin fada,
Yana nan tsaye, shi ne Gidan Makama.

Da ƙyamaren ƙofofin gari a cikinsa,
Da kayan yaƙin mazan jiya masu girma.

Badala kuwa kullum sai ta rage tsawo,
Mai fili ya ci hagu, ruwan sama ya ci dama.

Ka hau jirgi, ka biya Bature ka kalla,
Na gida fa, ka taɓa shiga kuwa, ko sau guda ma?

Ɗan Kurmi

Da na san tarkon nan ne da ban faɗi shekarar ba.

Yaya, kin kama ni, ba ni da ta cewa,
Kin ɗaure ni tamau, kuma ba da igiya.

Shekara ashirin ina wuce ƙofar,
A ƙafa, a keke, da yamma da safiya.

Na sha rake a inuwar bangon nan,
Ban taɓa leƙa zauren ba ko sau ɗaya.

In Allah ya kai mu hutun Agusta,
Masana'anta ta rufe, zan bar Italiya.

Ke ce jagora, ki shirya bayani,
Magajin Gwani ya hawo mota daga Zariya.

Ya nuna mini daurin guga da yatsa,
In ɗaga kai, hula ta sake zamiya.

Goggo, zan biyo Katsina in gaishe ki,
In durƙusa in yi miki ta'aziyya.

Malam na Zindar, tikitinka a kaina,
Ka ga Bakano ya sake ciro kuɗi ya biya.

Na-Damagaram

Bakano zai biya wa Badamagare?
Ku kwashe shanya, jama'a, akwai hadari.