Steinbeck da karensa: yaudara ce ko adabi?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan abin nan yana ci mini rai, gara in amayar da shi. Littafin marubucin Amurka John Steinbeck nake nufi, Travels with Charley, wanda ya fito a 1962. A gwanjo na saye shi bakin titi, bangonsa a yage, da hannuna na ɗinke shi da zare. Labarin tafiyarsa ce ta 1960: ya bar gidansa na Sag Harbor a jihar New York cikin Satumba, a wata a-kori-kura da aka ɗora wa ɗaki a baya, daga shi sai karensa Charley, don ya zagaya Amurka ya ji bakin talakawa. Mil wajen 10,000. Sau uku na karanta. Inda ya ce ya yada zango a bakin rafi kusa da garin Alice a Dakota ta Arewa, ya gamu da wani ɗan wasan kwaikwayo mai yawo suka sha hira, sai da na kwafe shi a littafina na karanta wa ɗalibai a aji.

Sai ga shi na gano wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawunsa a 2010, ya tono wasiƙunsa da rubutun farko na littafin. Daren da ya ce yana bakin rafi, wasiƙa ya rubuta wa matarsa daga wani masauki a garin Beach, fiye da mil 300 daga wurin. Cikin kwana 75 na tafiyar, kwana 45 matarsa Elaine tana tare da shi, wasu ma a manyan otal. Ashe tsohon nan karya ya shirga mana. Da wane ido zan dubi yaran da na ce wa ga yadda ake rubuta gaskiya?

Alhaji Baban Gida: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ko'ina, wane ne tsoho? An haifi mutumin nan a 1902, ka ga lokacin tafiyar shekararsa 58. Ni yanzu ina da 61, kuma har gobe da kaina nake tuƙa motata zuwa gona. Ka ce dattijo mana. Wannan raini na yaran zamani ya isa haka.

Baban Sadiya: Allah ya huci zuciyarka Alhaji, ba da kai nake ba. Magana nake a kan abin da ya rubuta.

Anti Larai: To ai gaskiya ya faɗa. Tsufa ba zagi ba ne, roƙonsa ma ake yi. Mutumin da ciwo ya kayar a ƙarshen 1959, iyalinsa na fargabar ya fita shi kaɗai? Ɗansa Thom ma ya ce uban ya san kwanansa ya ƙarato, shi ya sa ya so ya ga ƙasarsa gani na ƙarshe. A 1968 ya rasu. In wannan ba tsoho ba ne, a gaya mini sunansa.

Alhaji Baban Gida: Larai, shekara 8 ya ƙara bayan tafiyar. Ciwo daban, tsufa daban. Jariri ma yana ciwo.

Ɗan Autan Zaure: Baba Alhaji, mu a wajenmu da mutum ya haura 50 ya shiga layi, sai haƙuri.

Alhaji Baban Gida: Wa ya sa da kai? Lokacin da na fara karatun littafi ko auren uwarka ba a yi ba.

Anti Larai: Haba Alhaji, me ya kawo uwa cikin maganar nan? Yaro ya yi kuskure, a tsawata masa, amma a bar mahaifiyarsa.

Malam Mai Nahawu: Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Baban Sadiya, ka rubuta "karya" ba lanƙwasa. Karya macen kare ce, ƙarya ita ce kishiyar gaskiya. A zancen da kare ke ciki, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, balle daga malamin makaranta. Charley kuwa namiji ne. Shekara nawa muna roƙo a sa allon rubutun Hausa a waya? Kyauta ne fa.

Baban Sadiya: Na karɓi gyara Malam, raina ne a ɓace. Amma kowa ya gane abin da nake nufi.

Ɗan Autan Zaure: Wasu wayoyin akwati suke nunawa in an sa ƙ. Ba kowa ke riƙe da babbar waya ba.

Malam Mai Nahawu: Wannan uzurin ya tsufa.

Alhaji Baban Gida: Ka ji ko, har uzuri ma an fara tsofar da shi. Kalmar nan dai ba za ku bar ta ba.

Direban Tirela: Ni ban karanta littafin ba, amma hanya na sani. Shekara 17 ina Kano zuwa Legas. Na kwana a Mokwa ƙarƙashin mota a kan tabarma, sauro na cizo, tayar da rana ta gasa tana huci a gefen kunnena, da asuba in tashi bayana kamar an daka. Duk wanda ke da kuɗin ɗaki ya ce sai ya kwana a mota, bai san zafin jikinsa ba. Mutum mai ciwo ya nemi gado, matarsa ta biyo shi ta duba shi, ina laifin? Ni da uwargida za ta iya zuwa Mokwa da na gode Allah.

Baban Sadiya: Yaya direba, ba kwanan otal ne ya dame ni ba. Ya kwana, amma ya faɗa. In ka dawo ka ce mana a daji ka kwana alhali kana kan katifa, me sunan wannan?

Maman Iman: Ni duk ba wannan ba. Mutum da kare cikin ɗaki ɗaya, kusa da kwanon abincinsa, wata biyu da rabi? Ƙazanta ke nan. Ban ga abin koyi ga yaranmu ba tun farko.

Ustazu Ƙarami: Hajiya, a yi hattara da hukunci. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umarni ne da ake bi don ibada. An kuma yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Ga hadisin mutumin da ya shayar da kare ruwa da takalminsa aka gafarta masa.

Maman Iman: To wannan karen Faransa mai murɗaɗɗen gashi farautar me yake yi? An ce ma sai da Faransanci yake saurin jin umarni. Akaramakallahu, kai za ka sa shi a motarka?

Ustazu Ƙarami: Ba zan sa ba. Amma mutumin ba Musulmi ba ne, ba a auna shi da Risala.

Anti Larai: Ni kuwa karen ne ya sa na so littafin. Shi ne mai buɗe masa hira: ya sake shi ya je wajen baƙi, shi kuma ya biyo baya yana ba da haƙuri, shi ke nan zance ya ƙullu. Da ciwon fitsari ya kama Charley, duba yadda hankalinsa ya tashi har ya samu likitan dabbobi na kirki a Amarillo. Ga hamadar Mojave, inda ya saita bindiga kan wasu namun daji biyu irin dila, sai ya fasa, ya buɗe gwangwani biyu na abincin kare ya ajiye musu. Mai irin wannan zuciyar ba a kiransa maƙaryaci.

Baban Sadiya: Anti, wa ya ga ya ajiye gwangwanin? Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Tunda na kama shi a Alice, komai ya zama abin tuhuma.

Ɗan Autan Zaure: Littafin da ya ci kyautar Nobel ne fa kuke wa haka.

Malam Mai Nahawu: Ba littafin aka ba. Shi aka ba a 1962 saboda ayyukansa gaba ɗaya, irin The Grapes of Wrath na 1939. Shekara ce kawai ta zo ɗaya. Kuma a bugun cika shekara 50 na littafin tafiyar da aka yi a 2012, Jay Parini, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya faɗa a gabatarwa cewa a tuna marubucin ƙagaggun labarai ne, ya sassauya wasu abubuwa. To an faɗa, saura me?

Baban Sadiya: Bayan shekara 50, bayan an kama shi! Nawa bugun ba shi da wannan gabatarwar.

Anti Larai: To New Orleans fa? Nuwamban 1960, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, Ruby Bridges, jami'an gwamnatin tarayya na raka ta makarantar William Frantz wadda a da ta Turawa ce zalla, matan Turawa sun yi cincirindo a bakin titi kullum safe suna surfa ashar. Ya bar Charley a mota, ya je ya tsaya cikin taron ya gani, ya ce abin ya tayar masa da zuciya har ya ji tafiyar ta fita ransa. Wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan bayan Najeriya ta samu 'yanci. Akwai hotuna, akwai jaridu. Wannan ma ƙagawa ya yi? Ni nan na yi kuka, ina tuna 'yata ranar da na fara kai ta firamare, hannunta cikin nawa.

Alhaji Baban Gida: Kuma tsoho ba zai iya tsayuwa cikin irin wannan taron ba. Magana ta dawo inda na ce.

Shugaban Zaure: Jama'a dare ya yi, bari in tattara. Zaure ya gamsu cewa kalmar "tsoho" ba ta dace da mai shekara 58 ba, kuma mu da muka haura nan muna jiran Auta ya ba Alhaji haƙuri. An tabbatar Steinbeck babban marubuci ne da duniya ta karrama, ɗan gishirin da ya ƙara adon sana'a ne, shi kuwa ɗan jaridar nan suna yake nema a bayan mamaci. Batun kare an bar wa malamai. Baban Sadiya ya karɓi gyara, mun gode masa. A sa allon Hausa a waya.

Baban Sadiya: Ranka ya daɗe, gyaran lanƙwasa na karɓa, maganata ban janye ba. Babu wanda ya amsa mini batun wasiƙar Beach. Ranar Litinin zan shiga aji da littafin da na kwafe hirar a ciki, in gaya wa yaran inda mutumin ya kwana a daren.