Fomular da na rubuta a Google Sheets tana aiki da gurbi ɗaya, tana ƙi da jerin gurabe

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na rubuta fomula mai suna HARAJI da Apps Script, wato manhajar Google ta rubuta umarni da harshen JavaScript, tana fitar da harajin kaya na VAT na kashi 7.5 cikin ɗari daga kuɗin kaya. Abin da ke cikinta kawai shi ne return kudi * 0.075.

Idan na sa =HARAJI(B2), lafiya lau. Da na ba ta =HARAJI(B2:C40) sai saƙon kuskure na #NUM! ya fito. Na gane cewa gurbi ɗaya yana zuwa a matsayin lamba, jerin gurabe kuwa jeri ne cikin jeri, don haka na yi amfani da Array.isArray (mai gane jeri) da map (mai bin abubuwan cikin jeri ɗaya bayan ɗaya) sau biyu. Wannan ya wuce.

Yanzu abin da ke cikin guraben ne ya hana ni sakat. Gurbin da babu komai yana zuwa a matsayin "", sai ya ba ni 0, alhali so nake ya zauna wayam. Inda aka shigar da "12,500" a matsayin rubutu, na gwada mayar da shi lamba: Number yana ba da NaN (wato ba lamba ba ce), parseFloat kuma ya yanke a waƙafi ya ɗauki 12 kawai, wanda ya fi muni tunda ba ya nuna kuskure. Kwanan wata kuma, typeof (mai faɗin nau'in abu) "object" yake cewa, daidai da jeri, idan aka ninka shi sai wata ƙatuwar lamba ta fito.

Wace hanya ce mafi tsafta ta tantance lamba, rubutu, kwanan wata da gurbin wofi a wuri ɗaya kafin lissafi? Na gode.