Elesin Oba: a fara da kallo ko da karatu?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan'uwa. An ba ɗiyata wasan kwaikwayon Wole Soyinka, Death and the King's Horseman, a makaranta. Ta ce wai an yi fim ɗinsa. In bar ta ta kalla, ko zai rikita mata karatu?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Hajiya. An yi, sunansa Elesin Oba, ya fito a 2022, yana Netflix. Biyi Bandele ne ya ba da umarni, kuma ya rasu a watan Agustan shekarar, kafin a haska fim ɗin a bikin Toronto. Amma ta fara da littafin. Soyinka ya fitar da shi a 1975, ya gina shi kan abin da ya faru a Oyo a 1946: Alafin, sarkin Oyo, ya mutu, al'ada ta ce mai kula da dokinsa, wato Elesin, ya kashe kansa ya bi shi, Di'o Bature ya hana.

Anti Rabi: Malam, ni kam kallo nake ba da shawara a fara. Yarinya ba za ta ji kiɗan kasuwar nan a takarda ba. Ku duba shigowar Odunlade Adekola a matsayin Elesin, yana taku da ƙasaita, mawaƙi Brymo na biye yana zuba masa kirari, mata sun kewaye shi da sutura. Ga Shaffy Bello a matsayin Iyaloja, uwar kasuwa: kallo ɗaya take yi masa ka san ta hango raunin zuciyarsa tun da ya nemi budurwar da aka yi wa ɗanta baiko. Da Yarabanci suka yi yawancinsa, abin ya zauna daram.

Malam Habu: Ban musa ba, Anti. Sai dai ƙarfin wasan a magana yake. Hirar Olunde, ɗan Elesin da ya dawo daga karatun likita a Ingila, da matar Di'o a wurin rawa, tana son a karanta ta a tsanake. Soyinka da kansa ya gargaɗi masu shiryawa kada su mayar da labarin rikicin Bature da baƙar fata kawai. Elesin ne ya yi nawa, son duniya ya riƙe masa ƙafa, har ɗansa ya mutu a madadinsa. Mai kallo da gaggawa zai ɗora wa Di'o laifin duka.

Baban Sadiq: Hajiya, ki fara dubawa ke kaɗai. Akwai daren aure, akwai kashe kai. In ta gama, ta nemi Fences na 2016, daga wasan August Wilson. Denzel Washington, wanda ya ba da umarni, ya bar maganar marubucin kusan yadda take, yawanci a tsakar gida ɗaya, Viola Davis ta ci Oscar da shi.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Za ta karanta wannan satin, ni zan kalla daren yau. Malam Habu, in ta kai hirar Olunde zan turo maka tambayoyinta.

Malam Habu: Bismilla, Hajiya. Ta karanta da gabatarwar marubucin, kada ta tsallake.