Taransifa ko dashe? Neman sunan tashin ɗalibi daga kwaleji zuwa jami'a a Amurka

Assalamu alaikum. Masana harshe da malamai, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya.

Ɗan yayata yana karatu a wata kwalejin shekara biyu a jihar Kalifoniya. Kwanan baya ya aiko wa mahaifiyarsa saƙon murya cewa baɗi zai yi taransifa zuwa jami'a. Ko awa ɗaya ba a yi ba Yaya ta kira ni hankalinta a tashe, tana tambaya laifin me yaron ya yi da za a ɗauke shi daga makarantarsa. Ban ga laifinta ba. A wajenmu taransifa abu ne da ake yi wa mutum: ma'aikaci yana zaune sai takarda ta zo masa, an tura shi wani gari, sau da yawa ba da son ransa ba. Abin da Amurkawa ke kira "transfer" a harkar karatu kuwa ɗalibi ne yake shirya shi da kansa, tun daga makon da ya fara shiga aji.

Ga yadda abin yake. Kwalejojin da suke kira "community college" sun daɗe; ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, ita ake ɗauka mafi tsufa cikin na gwamnati. Ɗalibi yana yin shekara biyun farko na digiri a can, kusa da gida, da kuɗi kaɗan, sannan ya wuce jami'a ya shiga aji uku kai tsaye. Idan ya gama, shaidar digirinsa ɗaya ce da ta wanda ya fara a jami'ar tun daga aji ɗaya. A Kalifoniya an kafa wannan hanya da gangan a babban tsarin ilimi mai zurfi na 1960, kuma yau jihar tana da irin waɗannan kwalejoji 116.

Sunan kwalejin bai ba ni wahala ba. "Kwalejin al'umma" ta wadatar. Na so in ce "kwalejin share fage", amma wannan suna ya riga ya zauna a kan makarantun da ke shirya yara kafin su fara digiri, alhali na can sun riga sun fara.

Kalmar tashin ce ta tsaya mini. Na gwada "canjin makaranta", sai na ga ko yaron firamare da iyayensa suka tashi daga unguwa ya yi canjin makaranta. "Sauya sheƙa" ta zama ta 'yan siyasa, kuma tana ɗauke da ƙamshin ɓaɓe. "Ƙaura" tana nuna an bar wuri, amma ba ta nuna an tafi da wani abu da za a ɗora a kansa ba.

Shawarata ita ce DASHE.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san ba a shuka albasa ko tumatir kai tsaye a inda za su nuna. Ana yafa iri a ɗan fangali, a rene shi makonni, ya yi ƙwari, sannan a cire shi a dasa a babban fili. Mai reno ya san tun ranar farko cewa ba a nan irin zai ƙare ba. Ya san filin da zai kai shi, ya san lokacin, kuma ya san idan ya fizge shi saiwa ta tsinke, ya yi asarar wahalarsa. Irin da aka dasa ba ya komawa ƙwaya. Daga inda ya tsaya yake ci gaba. Waɗannan abubuwa huɗu, wato niyya tun farko, sanin inda za a je, kiyaye lokaci, da tafiya da saiwa, su ne shirin wannan ɗalibi gaba ɗaya. Ban sami wata kalmar Hausa da ta haɗa su ba sai wannan.

Saiwar ɗalibi ita ce abin da suke kira "credits" ko "units". Nan ma a yi hattara, don kiredit a kunnen Bahaushe sakamakon WAEC ne ko katin waya, maki kuma shi ne abin da ka ci a jarrabawa. Wannan kuwa ma'aunin yawan karatun da ka yi ne. Ina ganin mu ce AWO. Jami'ar Kalifoniya tana neman awo 60 na zangon simista, ko 90 a makarantun da ke raba shekara gida huɗu, kafin ta karɓi ɗalibi a aji uku. Dole a cikinsu a sami kwas biyu na rubutun Ingilishi da ɗaya na lissafi. Mafi ƙarancin matsakaicin maki, wato GPA, 2.4 ne ga ɗan jiha, 2.8 ga wanda ba ɗan jiha ba, amma a fannonin da ake rububi wannan ƙofa ce kawai, ba ta kai mutum ɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne awon da ke zubewa a hanya. A 2017 ofishin GAO mai bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka canja makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na awonsu. Ɗan namu ma ya ɗanɗana: a zangonsa na farko ya ɗauki wani kwas na lissafi bisa shawarar da aka ba shi a gurguje, ya ci shi da kyau, daga baya ya gano fannin injiniyan da yake so ba ya lissafa shi. Wata huɗu da kuɗin littattafai suka tafi. Da Hausa sai mu ce kwas ɗin bai kama ba, kamar yadda manomi ke cewa dashensa bai kama ba. Akwai shafin ASSIST da jihar ta tanada, inda ɗalibi zai zaɓi kwalejinsa da jami'ar da yake hari da fanninsa, ya ga kwas-kwas wanne ne zai kama. Da ya duba kafin ya yi rajista da bai yi wannan asara ba.

Idan mun yarda da tushen, rassa ba su da wuya. Wanda ya zo ta wannan hanya ɗalibin dashe ne. Shirin TAG, wanda rassa shida na Jami'ar Kalifoniya ke yi wa ɗalibi alkawarin gurbi idan ya cika sharuɗɗa, sai mu kira shi lamunin dashe. Rassan su ne Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz; Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki. A watan Satumba ake nema, shekara guda kafin tafiya, kuma reshe ɗaya tak ake zaɓa. Ita kuma ƙaramar shaidar ADT, wadda dokar jiha ta 2010 ta kawo, shaidar dashe ce: tana lamunce gurbi a wani rukunin jami'o'in jihar dabam, wato CSU (California State University), ko da yake ba lalle a reshen da mutum ya fi so ba.

Da na fara kawo wannan shawara, wani malami da wata hajiya sun yi mini gyara. Malam, na ga gyaran da ka yi, na gode. Ka ce me zai hana mu ce "shiga kai tsaye", tunda muna da DE (Direct Entry) na JAMB. Gaskiya 'yan uwan juna ne, kuma da shi na fara yi wa Yaya bayani. Bambancin shi ne mai ND ya yi shekara biyu amma galibi aji biyu ake sa shi, kuma shaidarsa ake dubawa dunƙule. A can kwas ɗaya-ɗaya ake aunawa, wani ya kama wani ya faɗi. Ina ganin a bar wa DE sunansa don kada a rikita iyaye.

Hajiya kuma ta ce da ta ji dashe sai dashen ƙoda ya faɗo mata. Haka ne, Hajiya, kuma likitoci ma daga gona suka aro ta, ta zauna daram. Akwai ma wata ma'anar da ta fi damuna, ta "an dasa shi" a kan ɗan leƙen asiri. Shi ya sa nake ganin a farkon magana a riƙa cewa "dashen karatu" cikakke, sai a gajarta daga baya. A kuma bar ɗalibin ya zama mai aikin: ya yi dashe, yana shirin dashe, ba an dasa shi ba.

Saura guda da ta gagare ni: "articulation agreement", yarjejeniyar da kwaleji da jami'a ke ƙullawa cewa kwas kaza na nan daidai yake da kwas kaza na can. Na rubuta "yarjejeniyar daidaita kwasa-kwasai", ma'ana ta fito amma ta yi wa baki tsawo. Mutanen Kura da Kadawa da sauran masu noman rani, akwai sunan da kuke kiran dacewar iri da ƙasar da za a kai shi? Idan akwai, ku taimaka mini da shi.