Cisplatin (allurar maganin sankara) a lokacin gashi (ƙona sankara da hasken na'ura): rigimar "dole" a zauren ma'aikatan lafiya na Abuja

Likitan gashi: Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. A turo mai sankarar bakin mahaifa, 'yan uwa su biya kuɗin gashi su ce allurar cisplatin ta bari, wai ba dole ba ce. Tun 1999 cibiyar sankara ta Amurka ta sanar a haɗa su. Maganin yana maƙalewa a ƙwayar halittar sankarar, ya hana ta ɗinke ɓarnar da hasken ya yi. Miligiram 40 a kan kowace murabba'in mita ta jiki, sau ɗaya a mako, mako 5 ko 6. Dole ne.

Likitan ƙoda: Dole? Ranka ya daɗe, janye kalmar nan. Da yawa sai ƙarin sankarar ya danne bututun fitsari suke zuwa, ƙoda ta kumbura. Idan tacewar ƙoda ta gaza mililita 50 a minti, ka ba ta cisplatin, wankin ƙoda ka jawo mata.

Likitan gashi: Ga wadda ta cancanta nake nufi.

Likitan ƙoda: Ba haka ka rubuta ba.

Famasis: Tun da akwai carboplatin, ɗan'uwan cisplatin da bai kai shi cin ƙoda ba, ina dolen? Kuma gaskiya laifin ba na maganin ba ne kullum. Ana rubuta shi babu magnesium, babu potassium a ruwan, sai kasala da ɗaurewar jijiya su biyo baya a ce laifin famasi ne.

Sista: Oga, ruwan ma wa ke sa shi? Lita guda ta ruwan gishiri kafin allura, wata bayanta, ga maganin amai, ga auna fitsari. In an kawo magani da azahar, sai dai a gaggauta, gaggawar kuma ita ke cin ƙoda.

Famasis: Sai sakamakon jini ya fito muke haɗawa, Sista. Ku tambayi lab.

Masanin na'ura: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Gashin waje gire 45 (gire ma'aunin hasken gashi ne) a zama 25, sannan na ciki, a gama komai cikin mako 8. Na'ura ta tsaya mako biyu, sankarar ta sake tofowa, wace allura za ta maye wannan?

Likitan gashi: Injiniya, ba maganar na'ura ake ba.

Sista: Jini fa? Mace ta zo a ɗashe, ƙarin ba ya samun iskar oksijin, irin wannan ƙwayoyin sai an ninka haske kusan sau uku kafin su mutu. Don haka ake son haemoglobin ya kai 10.

Famasis: A Denmark nimorazole suke bayarwa, maganin da ke sa haske ya fi kama irin waɗannan ƙwayoyin, a sankarar maƙogwaro.

Likitan ƙoda: Ka samo shi a Wuse mu gani.

Shugaban zaure (shi ma likitan gashi): To, a taƙaice kowa ya yarda cisplatin dole ne, sai 'yan gyare-gyare daga famasi da masu jinya. Na rufe.

Likitan ƙoda: Wa ya yarda?