Bidiyoyin waƙoƙin kantiri na 2003: kowa ya kawo nasa

Baban Hanif: Salamu alaikum 'yan zaure. Auta ne ya dame ni tun makon jiya, wai in ba shi bidiyoyin kantiri da zai fara da su, tunda shi Don Williams da Kenny Rogers kawai ya sani, su ma a motar babansa ya ji su. Na ce to bari in ɗauki shekara ɗaya kada abin ya watse. Na ɗauki 2003. Daga ƙasa zuwa sama: na biyar Celebrity na Brad Paisley, na huɗu Long Black Train na Josh Turner, na uku Remember When na Alan Jackson, na biyu Concrete Angel na Martina McBride. Na ɗaya kuwa Hurt na Johnny Cash, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na biyu ta fi ta Kano zuwa Maiduguri.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Na gode Yaya. Amma me ya sa 2003? Ni lokacin ko rarrafe ban fara ba.

Ɗan Damagaram: Don ya samu hanyar cusa Johnny Cash ne, Auta. Mun san halinsa. Baban Hanif, ni fa ina da ja. Hurt ba waƙar kantiri ba ce. Trent Reznor ne ya rubuta ta, ƙungiyarsa Nine Inch Nails ta fitar da ita a 1994, kuma kiɗansu ba ya da alaƙa da na kaboyi ko ta nesa. Aro Cash ya yi.

Baban Hanif: Aro ne, ban musa ba. Amma akwai aron rigar da idan mai ita ya gan ta a jikinka sai ya ce ka riƙe kawai. Shi kansa Reznor bayan ya kalli bidiyon ya yarda waƙar ta bar hannunsa. Kuma mutanen Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, da kansu, wato ƙungiyar masu kantiri ta CMA, su suka ba shi kyautar bidiyon shekara a 2003. Idan masu abu sun ce nasu ne, mu 'yan kallo mene ne namu?

Auta, bari in gaya maka abin da za ka gani. Mark Romanek ne ya ɗauke shi a watan Oktoban 2002, a gidan Cash da ke Hendersonville a jihar Tennessee. Lokacin Cash yana da shekara 70, ciwo ya ci jikinsa, kuma ba a ɓoye komai ba. Ba hoda, ba dabarar haske don a rage masa tsufa. Yana zaune gaban tebur shaƙe da abinci irin na masu hannu da shuni, ba mai ci. Sai a yanko maka shi yana saurayi, gashi baƙi wuluk, yana taka dandamali kamar duniya tasa ce, sai a dawo da kai kan wannan fuskar da ta zube. An shiga gidan ajiye kayan tarihinsa, House of Cash, wanda aka riga aka rufe: kantoci wayam, ga faifan karramawa a yashe gilashinsa ya tsage. Can wajen ƙarshe ya ɗaga kofi hannu na rawa ya tuttular a kan abincin. Da kiɗa ya tsaya sai ya rufe murfin piyano, ya shafa shi da tafin hannu biyu. Shi ke nan.

Kawu Direba: Ka manta matar.

Baban Hanif: Ban manta ba Kawu, na bar maka ne.

Kawu Direba: To. Ni duk bidiyon nan wurin da ya kashe mini jiki shi ne inda June Carter take tsaye a kan matakala tana kallon mijinta daga sama. Ba ta ce uffan ba. Kallon nan na san shi. Haka tsohuwarmu take tsayawa a bakin ƙofa tana kallon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da kofin shayi ya fara gagarar hannunsa. Sai ya riƙe da hannu biyu, shayin na zuba a kan rigarsa, kuma ba ya so a karɓa a ba shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana murza sitiyarin tirela. Ranar da na fara kallon Hurt a wayar yarona sai da na fita waje na sha iska.

Abin da ya ƙara wa bidiyon nauyi, kowa ya ɗauka Cash ne zai riga tafiya. Sai ga shi June ce ta rasu ranar 15 ga Mayun 2003, shi kuma ya bi ta ranar 12 ga Satumba. Wata huɗu tsakani. Gidan ma da aka ɗauki bidiyon ya ƙone ƙurmus a 2007.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan Baba, Kawu, ya kai haske kabarinsa.

Kawu Direba: Amin Hajiya, na gode.

Ɗan Damagaram: Amin. To na janye rabin jayayyata. Rabin da ya rage: jerin nan naka duk kuka ne, Baban Hanif. Yaro ya ce a nuna masa kantiri, ka haɗa shi da zaman makoki. Ina Beer for My Horses, wato giya ga dawakaina? Toby Keith da Willie Nelson, an yi shi kamar ƙaramin fim ɗin 'yan sanda. Toby ɗan sandan ciki ne yana farautar wani mai kashe mata, Willie kuma babansa ne, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya aka koma neman dabararsa. Har abokin aikinsu suka sa wa kayan mata don a yi wa mai laifin tarko. Waƙar ta yi mako 6 a saman jadawalin kantiri, Willie yana da shekara 70 a lokacin. Ga kuma It's Five O'Clock Somewhere na Alan Jackson da Jimmy Buffett, wadda ta yi mako 8 a sama, an ɗauke ta a bakin ruwa a Filorida.

Maman Ilham: Wato duk biyun da ka kawo na mashaya ne. Haka za ka tarbiyyantar mana da Auta?

Ɗan Damagaram: Hajiya, ni dawakan nake kallo.

Autan Zaure: Hahaha. Ku bar ni in kalla, na san abin da zan ɗauka da wanda zan bari.

Maman Ilham: Ni dai da ni ce mai jerin, Concrete Angel ce a sama. Na san waƙar ta fito ƙarshen 2002, amma a 2003 ta yi tashe, kuma tana cikin waɗanda suka yi takara da Hurt a CMA. Labarin wata ƙaramar yarinya ce da uwarta ke jibga. Tana tafiya makaranta ita kaɗai, sauran yara iyayensu na rungume su. A aji malamarta ta hango tabo a hannunta, ta yi jim, ta wuce. Wani yaro ne kawai yake kula ta, suna hira ta taga da dare. Daga baya sai motar asibiti, sai ƙaramin kabari. A nan ne za ka gane yaron nan ba mutum ba ne, mala'ika ne.

Ni malamar ce ta tsaya mini a rai, don na taɓa zama ita. Shekarun baya ina koyar da 'yan aji uku, akwai wata yarinya kullum tana jan hijabi tana rufe hannu, ko da zafi. Wata rana wajen karɓar littafi na ga shatar bulala har ta yi ruwa. Na tambaye ta, ta ce faɗuwa ta yi. Na san ƙarya ne, amma na ce a raina kada in shiga sha'anin gidan mutane. Zangon da ya biyo ba ta dawo ba, aka ce an mayar da ita ƙauye. Har yau ina tuna ta. A ƙarshen bidiyon sun sa lambar wayar da ake kira a kai rahoton cin zalin yara a Amurka, kuma wannan ya burge ni fiye da duk wata kwalliyar kyamara.

'Yar Jos: Kai, Anti. Allah ya sa tana cikin aminci. Ni ban iya kallonsa sau biyu ba.

Bari in ɗan sauya iska. Ba wanda ya ambaci Shania Twain, kuma mu a Jos lokacin ba shagon kaset da za ka wuce ba ka ji muryarta ba. Forever and for Always, 2003, an ɗauka a bakin teku a Niyu Zilan. Ba wani labari mai sarƙaƙiya: yara biyu, sai matasa, sai tsofaffi, soyayya ɗaya tana girma. Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Kundin da waƙar take ciki, Up!, kala uku aka buga shi: kore na kantiri, ja na pop, shuɗi kuma da salon kiɗan Indiya, har a Mumbai aka naɗi wani ɓangare. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ya nemi shuɗin ya ji.

Kawu Direba: Ikon Allah. Kaboyi da tabla.

Ɗan Damagaram: 'Yar Jos, Shania 'yar Kanada ce, kuma rabin ƙafarta a pop take. Idan an karɓi tata to dole a daina yi mini gorin dawakai.

'Yar Jos: Kai da ka ce Cash ma ba kantiri ba ne, wa zai biye maka?

Autan Zaure: Yaya, na leƙa YouTube yanzu na ga wani Whiskey Lullaby, soja ya dawo daga yaƙi ya tarar da abin da ya tarar a gida. Me ya sa ba ya cikin jerin? Ya fi Celebrity nesa ba kusa ba.

Baban Hanif: Ya fi shi, amma na 2004 ne, shi ya ci kyautar CMA ta shekarar. Brad Paisley da Alison Krauss. Ajiye shi sai mun zo nan. Celebrity na sa shi ne don dariya: shaguɓe ne ga masu neman suna ta shirye-shiryen talabijin, ɗan fim William Shatner ya fito a alƙalin gasar waƙa mai baƙar magana, wani ɗan fim ɗin Jason Alexander kuma yana tayar da jijiyar wuya a shagon kofi kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka kalle shi yau ka ce da 'yan TikTok ake.

Long Black Train kuma murya ce ta ja ni. Josh Turner yana da irin muryar nan mai kauri, Kawu zai so shi tunda mutumin Don Williams ne. Jirgin ƙasan misali ne na ruɗin Shaiɗan, ana nuna mutane masu damuwa iri-iri tsaye a kan layin dogo. Direbobin jirgin ƙasa a can sun yi ƙorafi a kansa, don su ne suke ganin irin wannan da idonsu a bakin aiki.

Kawu Direba: Suna da gaskiya. Wanda bai taɓa taka birki yana salati ba ba zai gane ba. Amma zan nema. Remember When ɗin fa? Wannan na san ta, ita nake sa wa idan na baro Zariya da dare.

Baban Hanif: Ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Alan Jackson ne da matarsa Denise suna rawa a hankali, ana haɗawa da tsofaffin hotunan gida. Sun yi aure a 1979, 'ya'ya mata uku, sun taɓa rabuwa na ɗan lokaci a 1998 suka shirya. Da ka san wannan sai rawar ta canza maka ma'ana. Ta fito a Oktoban 2003.

'Yar Jos: Akwai There Goes My Life na Kenny Chesney ma a ƙarshen shekarar. Saurayi ɗan ƙwallo ya ga haihuwa ta rusa masa buri, ƙarshe 'yar ce ta zama duniyarsa, ranar da za ta tafi jami'a yana tsaye yana kallon motarta. Yarinyar da ta fito a 'yar tasa 'yar fim ɗin nan Amber Heard ce, tun ba a san ta ba.

Ɗan Damagaram: Tunda ana maganar 2003, kada a tsallake ƙungiyar matan nan Dixie Chicks, da suka koma The Chicks a 2020. Travelin' Soldier, labarin sojan Biyetnam da yarinyar da yake aiko wa wasiƙa, tana lamba ɗaya a watan Maris. Ranar 10 ga watan mawaƙiyarsu Natalie Maines ta faɗa a dandamali a Landan cewa suna jin kunyar Shugaba Bush ɗan jiharsu Texas ne. Kwana goma kafin a afka wa Iraƙi ke nan. Gidajen rediyon kantiri suka daina sa su, har taron farfasa faifansu aka yi, waƙar ta rikito daga jadawali. A daidai lokacin Have You Forgotten na Darryl Worley, mai goyon bayan yaƙi, ta hau ta yi mako 7. Bidiyon Travelin' Soldier na dandamali ne kawai, ba zan ce a sa shi a biyar ɗin farko ba, amma Auta ya san cewa shekarar ba ta soyayya da dawakai kaɗai ba ce.

Maman Ilham: Yau ka yi magana, Ɗan Damagaram. Na yafe maka mashaya ɗaya.

Baban Hanif: To na ji. Zan cire Celebrity in sa Beer for My Horses a na biyar don a zauna lafiya. Na ɗaya dai ba ya motsi.

Maman Ilham: A jerinka. A nawa ya sauko na biyu.

Autan Zaure: Na kalli Hurt yanzu. Ban san me zan ce ba. Matar nan a kan matakala... Kawu, na gane. Sauran sai gobe, datata ta kusa ƙarewa. Da wanne zan fara da safe?

Kawu Direba: Fara da na dawakan. Kada ka kalli na Hajiya kafin ka karya.